Gonar da Ke Kwana a Ƙarƙashin Tafki: Nazarin Halin Wani Ƙauyen Hausawa a Nilul Azrak

Asalin garin da abin da yake ci

Ƙauyen da wannan bayani ya shafa yana gabashin kogin Nilul Azrak, kudu da garin Rusairis, a yankin da kogin yake shigowa Sudan bayan ya gangaro daga tsaunukan Habasha. Ba zan kama sunansa ba, domin mutanensa suna raye, kuma wasu daga cikin abubuwan da za a ambata har yanzu ba su huce ba. Na yi shekaru ina koyarwa a makarantar garin, can kuma surukaina suke. Yawancin abin da ke nan ko na gani da idona, ko na ji daga bakin waɗanda abin ya faɗa wa.

Mutanen Hausawa ne. Wasu jikokin waɗanda suka yi hijira ne bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a gabas har suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar. Wasu kuwa maniyyata ne da guzuri ya yanke musu a hanyar Makka, ko alhazan da suka juyo suka ga bakin kogi suka ce a ɗan huta, hutun ya zama zama. Wanda ya kafa ƙauyen ya nemi izini wurin shehun mutanen da ya tarar, aka nuna masa wuri da baki, aka shafa fatiha. Ba a rubuta komai ba. Duk kaka ana kai wa gidan shehun abin da ya sawwaƙa daga amfanin gona. Da tafiya ta yi nisa sai ma'anar wannan kyauta ta rabu biyu: masu kaiwa suna ɗaukarta gaisuwa, masu karɓa suna ɗaukarta shaidar aro.

Abin da ya riƙe garin shi ne noman juruf, wato noman gaɓar kogi bayan janyewar ruwa. Daga Yuli zuwa Satumba kogin yakan cika ya hau gaɓa, ya shimfiɗa baƙar lakar da ya kwaso daga Habasha. Da Oktoba ta kama sai ya fara ja da baya, manomi yana binsa da salluka, sandar shuka mai tsini da ake dannawa da ƙafa. Ba taki, ba ban ruwa, ba huɗa. Kowane gida yana da igiyarsa, siririn yanki da ya taso daga tudu ya miƙe har bakin ruwa, don kowa ya samu rabonsa na sama da na ƙasa. Masara da wake a sama, kuɓewa da kabewa da tumatir a tsakiya, kankana a rairayi. Bayan gaɓar akwai kurmin bagaruwa da ke shan ambaliya sau ɗaya a shekara, ga mangwaro da lemun tsami, ga kamun kifi. Ana dawar damina a tudu, amma ita sa'a ce. Juruf ne ba ya saɓa alkawari.

A idon doka kuwa, ko taku ɗaya na wannan ƙasa ba na garin ba ne. Rajistar filaye ta zamanin Turawa ta fi tsayawa a arewacin ƙasar da yankin Jazira. Dokar filayen da ba su da rajista ta 1970, zamanin Shugaba Numairi, ta mayar da duk abin da ba a yi wa rajista ba mallakar gwamnati, dokar mu'amaloli ta 1984 kuma ta bar wa manomi haƙƙin amfani kawai. A tsarin sarautun gargajiya ma garin ba shi da umda, wato dagaci, nasa, yana ƙarƙashin na maƙwabta ne. Muddin kogi yana hawa yana sauka a kan lokacinsa, babu wanda waɗannan abubuwa biyu suka hana barci.

1959 zuwa 1971: madatsa ta farko

A 1959 Masar da Sudan suka raba ruwan Nilu tsakaninsu: mita kubik biliyan 55.5 ga Masar, biliyan 18.5 ga Sudan a shekara. Habasha, inda mafi yawan ruwan yake fitowa, ba ta wurin. Wannan yarjejeniya ce ta buɗe wa Sudan hanyar gina madatsar Rusairis da rancen Bankin Duniya da Jamus ta Yamma. An gama ta a 1966, lantarki ya fara fita a 1971. An yi ta ne don tara ruwan rani na gonakin Jazira da Manakil, da tura wuta Kartum.

Sai an san yadda ake sarrafa ta za a gane abin da ya biyo baya. Lokacin da ambaliya take ganiyarta ana barin ƙofofi a buɗe, tafkin yana ƙasa, don laka ta wuce kada ta cike shi. Cikin Satumba ake rufewa a tara ruwa, sannan a yi ta saki sannu a hankali har damina ta zagayo. Ƙauyen yana can wajen wutsiyar tafkin, saboda haka bai nutse ba. Gidajen gangare sun matsa tudu, lokacin shuka ya ɗan ja baya, kifi ya yawaita. Dattawan da suka ga wannan zamani ba sa ba da labarinsa da ɗaci. Wutar dai arewa ta nufa.

2008 zuwa 2013: ƙarin mita 10

A 2008 aka fara aikin ƙara wa madatsar tsawon mita 10. Kamfanonin Sin ne suka yi ginin, kuɗin kuma ya fito daga gwamnatin Sudan da asusun raya ƙasa na Larabawa, irin na Kuwaiti da Saudiyya da Abu Dabi, da Bankin Musulunci na Jidda da asusun OPEC. Za a ɗaga ruwa har mita 490 sama da teku, abin da tafkin ke ɗauka ya tashi daga kimanin biliyan 3 zuwa sama da biliyan 7. Hukuma ta ce iyalai kusan 22,000 za su tashi, a zuba su a sababbin garuruwa 12 masu lamba a maimakon suna. Ƙauyen yana ciki.

Masu ƙididdiga sun zo da littafi. Sun ƙirga ɗakuna, sun ƙirga itatuwan marmari, sun rubuta sunayen magidanta. Da aka zo kan igiyoyin juruf sai aka tambayi takarda, babu. An yi alkawarin gonar tudu a madadinsu, ta noman damina, nesa da ruwa. Kawun matata, ranar da ya karɓo nasa kuɗin, ya tsaya a ƙofar makaranta ya ce mini, "Malam, sun biya ni kuɗin mangwaro, amma ba su biya ni kuɗin kogi ba."

Garin ya gwada hanya biyu. Ta farko ita ce zaman jin ra'ayin jama'a, mashura sha'abiyya, wanda yarjejeniyar zaman lafiya ta 2005 ta tanadar wa jihar Nilul Azrak. A farkon 2011 aka yi zaman sauraro a faɗin jihar, wakilan ƙauyen suka je suka yi magana kan juruf da diyya, aka rubuta. Kafin a kai ga mataki na gaba faɗa ya ɓarke a Damazin, babban birnin jihar, a farkon Satumba 2011 tsakanin sojojin gwamnati da 'yan tawayen SPLM ta Arewa, aka tsige gwamna Malik Agar, aka kafa dokar ta-ɓaci. Abin da aka rubuta ya kwanta inda aka rubuta shi.

Ta biyu takardar koke ce. Ni na rubuta ta da Larabci, magidanta suka dangwala yatsa, aka kai wani ofishi a Damazin. Ofishin ya ce aikin na tarayya ne. Aka aika Kartum ta hannun wani ɗan kasuwa, shiru kamar an aiki bawa garinsu. Matasa sun kawo shawarar tare hanyar motocin aiki, dattawa suka hana, kuma suna da hujja. A 2006 an harbe mutane a Amri, yankin madatsar Marawi, a 2007 an harbe wasu a Kajbar, duk a kan adawa da madatsa. Waɗancan 'yan arewa ne da babu mai tambayar asalinsu. Wanda ake kira Fallata, wato ɗan asalin Afirka ta Yamma, a jihar da ake yaƙi, ya san abin da zai tarar.

Akwai ƙofa ta uku da garin bai ma san da ita ba, ko ya sani kuwa a rufe take. Tun 1993 Bankin Duniya yana da kwamitin bincike da talakawan da aikin bankin ya cutar za su iya kai wa ƙara kai tsaye. A 2000 kuma Hukumar Madatsun Ruwa ta Duniya ta fitar da rahoton da ya ce a nemi amincewar waɗanda za a tasa kafin a fara gini. Amma rahoton shawara ne, ba doka ba, bankin kuma ba ya cikin wannan aikin: a lokacin Sudan tana da tulin bashin da ba ta biya ba, ga takunkumin Amurka tun 1997. Dokar kare muhalli ta Sudan ta 2001 ta wajabta nazarin illar manyan ayyuka, sai dai ba a taɓa tara mutanen garin aka karanta musu sakamakon wani nazari ba.

An kwashe mutane a 2012. Ranar 1 ga Janairu 2013 Shugaba Umar al-Bashir ya buɗe aikin. Sabon garin yana da ginanniyar makaranta da ɗakin shan magani da tituna a miƙe, waɗanda tsohon ba shi da irinsu, wannan gaskiya ce da ba za a ɓoye ba. Amma gidajen an auna su ne da miji da mata da 'ya'ya kaɗan, ba da gandu mai ƙanne da matansu ba, kuma baƙar ƙasar wurin mai tsagewa da rani ta fara tsaga bango tun shekarun farko.

2013 zuwa 2019: bin tafki

Abin da ya riƙe garin a wannan tsakani ba wanda ya tsara shi. Tunda har yanzu ana sauke tafkin kowace shekara kafin ambaliya, daga mita 490 zuwa wajen 467, sai ya zamana ruwa yana janyewa daga fili mai faɗin gaske. Mita 23 a tsaye, a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, tafiya ce mai nisa a kwance. Gonakin da suka nutse da kaka sai su fito da rani da sabuwar laka a kansu, har da ƙarin filin da a da daji ne.

Nan take tambayar da aka binne ta taso: na wane ne? Gwamnati ta ce ta biya diyya, ƙasan tafki nata ne. Maƙwabta suka ce ƙasar kakanninsu ce, aron da aka bayar ya nutse tare da tsohon ƙauye. Makiyaya, Fulani da Larabawa, waɗanda manyan gonakin tarakta suka riga suka cinye musu burtali, suka hangi ɗanyar ciyawa a tsakiyar rani suka kwararo. Shekarun farko da rigima aka yi su. Wanda ya riga isa ya kafa turke, shanu su shiga wake da dare, da safe a rankaya wurin 'yan sanda.

Gidaje da dama sun haɗa kuɗin diyya suka sayi babur. A Sudan babur injin ban ruwa ne mai shan gas, ba abin hawa ba. Baƙo daga Kano yakan rikice. Niyyar ita ce a yi lambu na dindindin a bakin tudu. Bai yi ba. Bakin ruwan kullum gudu yake, bututun da ya isa a Disamba ba ya isa a Maris, da ƙarancin mai na 2018 ya zo kuwa sai injin ya zama makwancin kaji. Wasu sun shuka masara mai daɗewa can ƙasa inda danshi ya fi, ruwan sabuwar damina ya dawo ya same ta ba ta nuna ba.

Abu biyu suka tsaya. Na farko turakun awo. Wani tsohon masunci ya sa aka kafa turaku a jere daga tudu zuwa gangare, aka ɗora wa ɗaliban aji na sama su riƙa rubuta ranar da ruwa ya bar kowane turke. Bayan 'yan shekaru littafin ya nuna abin da ido bai kama ba: saukar tafkin tana da tsari, domin buƙatar gonakin arewa da ta lantarki ce take jan ta, buƙatar kuma ba ta cika sauyawa ba. Daga nan aka san wane turke ne iyakar masara, wane ne iyakar wake, daga ina kuma sai kankana ko a bar wa shanu. Na biyu lajna, kwamitin dattawa da matasa da ke raba igiyoyi da ƙuri'a kowace shekara, a fara cire wa marayu da matan da mazansu suka rasu.

Kamun kifi ma ya taimaka. Tafkin da ya faɗaɗa ya cika da karfasa da tarwaɗa da giwan ruwa. Maza suna kamawa, mata suna shanya kajaik, busasshen kifin da ake kai wa leburorin gonakin Gadarif. A gidaje da yawa kuɗin kajaik ne ya riƙe yara a makaranta. Zuwa 2019 garin bai koma yadda yake ba, amma yana ci da kansa.

2020 zuwa 2021: shekarar da ruwa ya ƙi sauka

Duk wannan lokaci wani gini yana tashi a sama da su. A Afrilu 2011 firaministan Habasha Meles Zenawi ya aza harsashin madatsar Nahda a Guba, dab da iyakar Sudan, mai ɗaukar mita kubik biliyan 74, wato kusan ninki 10 na Rusairis. Galibi da kuɗinsu Habashawa suka gina ta, ma'aikata da 'yan kasuwa da mazauna ƙetare suna sayen takardun lamuni, don haka babu wani babban mai rance daga waje da zai gindaya sharaɗi. Kwamitin ƙwararru na ƙasa da ƙasa ya ba da rahoto a Mayu 2013 yana neman a ƙara nazarin abin da zai sami ƙasashen da ke gangare. An ɗauko kamfanonin Faransa biyu su yi, aka yi ta gardama kan ma'aunin da za a fara da shi, nazarin bai kammalu ba. A Maris 2015 Bashir da Sisi na Masar da Hailemariam Desalegn na Habasha suka sa hannu kan sanarwar ƙa'idoji a Kartum. Daga ƙarshen 2019 zuwa Fabrairu 2020 aka zauna a Washinton ƙarƙashin ma'aikatar kuɗin Amurka da Bankin Duniya, Habasha ta ƙi sa hannu. Tarayyar Afirka ta karɓa, zaman Kinshasa na Afrilu 2021 ya watse. Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya saurara a Yuli, a Satumba ya mayar da maganar hannun Tarayyar Afirka.

A duk waɗannan zaurukan maganar biliyoyin mita kubik ake yi, da shekarun cikawa, da megawat. Sudan tana da riba a lissafin: ruwa daidai duk shekara, ƙarancin laka a magudanan Jazira, ƙarin wuta daga Rusairis. Akan ambaci cewa juruf zai ragu, amma a jerin hasara ake sa shi. Ba a kira masu shi an tambaye su ba.

A Yuli 2020 Habasha ta yi cikawar farko, biliyan 4.9, ba tare da yarjejeniya ba. Kogin ya faɗi ba zato, wasu tashoshin ruwan sha a Kartum suka tsaya. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Da 2021 ta shigo, hukumomin ruwa na Sudan suka sanar cewa za su riƙe kimanin biliyan 1 a Rusairis, don kada cikawa ta biyu ta same su hannu rabbana.

A wurin mai kula da ruwan shan miliyoyin mutane wannan hankali ne. A ƙauyen kuwa, ruwa ya tsaya a turken da bai taɓa tsayawa ba. Igiyoyin gangare, waɗanda suka fi laka, ba su fito ba. Mutane sun riga sun ci bashin shail, wato karɓar iri da kuɗi daga ɗan kasuwa a biya da amfanin gona a farashin da shi ya yanka. Aka yi ta zuwa bakin ruwa safe da yamma ana duba turke kamar masu neman watan salla. Sanarwar ta fita a rediyo da jaridu, amma da harshen biliyoyi, babu wanda ya mayar da ita turke. Littafin da ɗalibai suka yi shekaru suna cikawa ya tashi daga aiki a rani guda, domin yanzu ba buƙatar Jazira kaɗai ke jan ruwan ba, har da abin da aka kasa yi a Kinshasa.

2022: neman sarauta

Da fili ya ƙuntata, tsohuwar tambaya ta dawo da zafinta. Yarjejeniyar Juba ta Oktoba 2020 ta ba yankin ƙarin ikon kansa, kowace al'umma ta shiga lissafin rabonta. Cikin Hausawan yankin ra'ayi ya yi ƙarfi cewa ba za a samu tabbacin ƙasa ba sai an samu masarautar da hukuma ta amince da ita. Ƙauyen ya rabu, matasa da 'yan boko suna goyon baya, wasu dattawa suna cewa a bi a sannu. Sarakunan yankin sun ƙi, bisa hujjar cewa a tsarinsu sarauta da ƙasa take tafiya, ba da yawan jama'a ba. 'Yan siyasa na kowane ɓangare suka sa baki.

A tsakiyar Yuli 2022 rikici ya ɓarke a Gaisan da Rusairis da Wad al-Mahi tsakanin Hausawa da wasu ƙabilun yankin, hukumomi suka ce an kashe sama da mutum 100. Hausawa suka yi zanga-zanga a Kasala da Gadarif da Kartum da Bur Sudan. A Oktoba aka sake a Wad al-Mahi, inda aka ƙirga gawa fiye da 200. An zubar da jini ta kowane ɓangare, kuma ba aikin wannan rubutu ba ne ya raba laifi. Abin da ya sami ƙauyen shi ne: an ƙone wani sashe nasa, kwale-kwale da komaye sun tafi, yawancin mutane sun gudu Damazin da Sinnar da Mai Wurno. Ranin nan ba a shuka ko igiya ɗaya ba. Masarauta ba ta samu ba, ɗan aron da ke hannu ma ya kuɓuce.

2023 zuwa 2025: abin da hannu zai kai

A farkon 2023 shugabannin al'ummomin yankin suka sa hannu kan yarjejeniyar zaman tare, wasu iyalai suka fara komawa. Ranar 15 ga Afrilu yaƙi ya tashi a Kartum tsakanin soja da dakarun RSF. Daga nan ko ana son kai koke babu inda za a kai shi. Bankin Duniya ma ya riga ya dakatar da kuɗinsa tun bayan juyin mulkin Oktoba 2021. Waɗanda suka koma ba su kai rabin garin ba.

Da farko suka nemi umdan maƙwabta, ba ta hannun 'yan siyasa ba, ta hannun limamai biyu da suka yi karatu a halwa ɗaya, wato tsangaya. An yi zama bayan zama a gindin tsamiya. Abin da aka cimma bai taɓa maganar mallaka ba ko kaɗan. Kowace shekara, idan ruwa ya fara sauka, lajnar ɓangarorin biyu za ta raba abin da ya fito. Za a bar burtali zuwa bakin ruwa, a sa ranar da za a saki shanu cikin kara, ɓarna kuma a biya ta gaban shaidu kafin a kai ga 'yan sanda. An sa ardon Fulani a ciki. Wannan karon an rubuta, kowane ɓangare ya riƙe kwafi. Surukina, wanda ya rasa ƙanensa a Oktoba, yana cikin waɗanda suka dangwala yatsa. Na ce masa, "Baba, zuciyarka ta yarda?" Ya ce, "Malam, zuciya ba ta yarda ba, ciki ne ya yarda."

Sai rajista. Dokar 2011 ta ƙungiyoyin masu sana'ar noma da kiwo ta ba ƙananan manoma damar kafa jam'iyya mai rajista. Garin ya yi shekaru yana kallonta a matsayin abin 'yan gwamnati. Yanzu aka yi, da mambobi daga ƙauyukan biyu. Takardar ba ta ba da ƙasa, amma ta ba da hatimi da sunan da hukuma ko ƙungiyar agaji za ta iya sawa a littafinta, da ita kuma aka samu iri da kayan kamun kifi daga masu agaji.

Sai labarin ruwa. Wani ɗan garin da ke aiki a Damazin yana samun adadin tsayin tafki da na tashar awo ta Daim da ke kan iyaka, yana turowa ta WhatsApp duk ranar da sabis ya samu. Malaman makaranta suka zauna suka daidaita adadin da turaku, mita kaza turke kaza. Yanzu ba a cin bashin iri sai an ga inda ruwan ya dosa.

Babur ma ya dawo da wata siffa: ƙaramin famfo mai aiki da hasken rana, an ɗaure shi kan gangunan roba yana iyo a wani kwari da ruwa ke daɗewa. Abin da ya kashe igiyoyin gangare, wato tsayawar ruwa kusa, shi ne ya sa bututun ya isa. Ba ya shan gas, wannan kuwa ya yi rana a 2024, lokacin da RSF ta kama Sinja a ƙarshen Yuni, hanyar arewa ta toshe har Nuwamba. Da shi ake albasa da tumatir a bakin tudu.

An buɗe madatsar Nahda ranar 9 ga Satumba 2025. Lakar da a da take sauka a igiyoyi yanzu galibinta a bayan wancan ginin take kwanciya, manoman sun fara sayen taki, abin da kakanninsu ba su taɓa yi ba. Har lokacin buɗewar ƙasashen uku ba su da yarjejeniyar da ta ɗaure kowa kan yadda za a riƙa sakin ruwa.

Hukunci

Duk abin da garin ya gwada wanda ya dogara da wani na sama ya ji ya amsa, bai yi ba: zaman sauraro, koke, masarauta. Ba don buƙatun ba su da tushe ba. Diyyar juruf haƙƙi ce, kuma mutanen da suka shekara 100 a wuri suna da dalilin neman wakilci. Sun faɗi ne domin kowannensu sai an fara amsa tambayar wane ne mai ƙasa. Dokar 1970 ta ce gwamnati, al'ada ta ce wanda ya riga zuwa, Bahaushen ƙauyen ba ya cikin ko ɗaya. Neman masarauta, a ganina, shi ne kuskure mafi tsada, kuma lokacinsa nake zargi fiye da manufarsa. An ɗaga shi ne sa'ad da fili ya ƙuntata, makamai suka yawaita, gwamnati kuma ta raunana.

Waɗanda suka yi aiki kewaye tambayar suka yi. Yarjejeniyar maƙwabta ta raba amfani ta bar mallaka a inda take, jam'iyya ta ba da suna ba tare da rawani ba, adadin tafki ya mayar da shawarar ƙasashe abin da manomi zai auna da turke. Amma kada a kambama su. Rage asara suka yi, ba su dawo da abin da ya tafi ba, kuma babu ɗayansu da ya ba garin ta cewa a inda ake yanke tsayin ruwa.

Wadda ta fi ci mini rai ita ce asarar 2021, domin ita ce za a iya kauce wa da araha. Sanarwa ɗaya a rediyo kafin lokacin shuka, da Larabci da Hausa da harsunan maƙwabta, mai cewa bana ruwa ba zai sauka ƙasa da mita kaza ba, da ta hana gidaje da yawa cin bashi. Bashin nan kuwa yana cikin abin da ya ɗumama zukata kafin Yuli 2022.

Yarjejeniyar da maƙwabta ta shekara-shekara ce, ana sabunta ta duk sa'ad da turken farko ya fito. Fiye da rabin garin har yanzu suna Sinnar da Damazin, kuma lajna ba ta yanke ba ko za a ci gaba da cire wa waɗanda ba su dawo ba igiya, ko a raba ta ga waɗanda ke nan. An ɗage maganar zuwa bayan cirar albasa.